Tsibirin Da Ba A Barinsa Sai Ranar Jirgi

'Yan uwana mata, manya da ƙanana, musamman ƙannena 'yan makaranta da kullum burinsu a ce sun yi aure an ɗauke su an yi ƙasar waje da su. Ku matso kusa ku ji labarin inda aure ya kai yayarku a watan Fabrairun 2024, wurin da ko a darasin labarin ƙasa ban taɓa jin malaminmu ya ambace shi ba.

Sunan wurin Asenshan. Wani ɗan tsibiri ne tilo a tsakiyar tekun Atlantika, ƙarƙashin mulkin Ingila. Daga gaɓar Afirka zuwa can kimanin kilomita 1,600 ne, daga Burazil kuma sama da 2,200. Faɗinsa gaba ɗaya murabba'in kilomita 88, mutanen cikinsa kuwa wajen 800 ne, ba su kai 'yan makarantarmu ta kwana yawa ba. Kuma duk cikinsu babu wanda zai bugi ƙirji ya ce garinsu ne. Doka ba ta ba kowa izinin zaman dindindin ba. Aiki ne yake kawo mutum, ranar da kwangilarsa ta ƙare kuwa sai ya tattara komatsansa, ko da ya shekara talatin a wurin.

Maigidana injiniya ne, a Ingila ya yi karatu ya fara aiki. Sati uku da tarewata ya tafi kwangilar shekara biyu a tsibirin, kuma irin kwangilar da ba a zuwa da iyali. Ni dai Yaya nake ce masa tun muna zance, har yau bakina bai iya wani sunan ba. Wata bakwai ina zaune a gidan surukaina a Kano, sai waya. Da na ga abin yana nema ya zama auren hoto, sai na ce da shi, "Yaya, ko dai ka zo ko kuma ni na zo." Ya yi dariya ya ce, "Amarya, nan fa ba Kaduna ba ce da za ki je tasha ki hau mota." Na ɗauka tsokana ce. Ashe gaskiya ya faɗa, har ma ya rage.

Kafin ƙafata ta taka jirgi sai da aka nemo min bizar Ingila, sannan takardar izinin shiga tsibirin, sannan inshorar lafiya wadda za ta biya kuɗin ɗauke ni a jirgi idan ciwo ya fi ƙarfin ɗan asibitinsu, sannan shaidar inda zan sauka. Bayan duk wannan sai jiran kujera, domin jirgin da yake zuwa can na sojan saman Ingila ne, kujerun da ake ware wa farar hula kuwa 'yan kaɗan ne. Umma da ta ji jerin takardun cewa ta yi, "Ke 'yar nan, ko aikin Hajji ai bai kai wannan ba."

Baba ne kaɗai ya san sunan wurin, abin da ya ba kowa mamaki a gidanmu. Shi mutum ne da rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, tun muna yara da muryar sashen Hausa na BBC ta ƙarfe shida da rabi muke tashi shirin makaranta. Ya ce min a tsibirin nan akwai tashar da take cilla shirye-shiryen gajeren zango zuwa Afirka, kuma shekara da shekaru ta can muryar take biyowa kafin ta shigo zaurensa. Da zan tafi ya ce, "Uwata, idan kin je ki dubo min ƙarafunan nan da idonki, ki zo ki ba ni labari." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kira na haka.

Na tashi daga Abuja zuwa Landan. Matar wani abokin Yaya ta ɗauke ni a mota zuwa sansanin sojan sama na Biraiz Noton, can wajen Oksfod. A bakin ƙofa aka duba sunana a takarda kafin a bar ni na shiga. Ɗakin jiran cike yake da sojoji da manyan jakunkuna, sai 'yan farar hula tsiraru, sai ni da hijabina ina ta jan carbi. Da dare muka tashi. Jirgin ba shi da wani bambanci da na fasinja ta ciki, kujeru ne da abinci a faranti, sai dai babu hayaniyar 'yan kasuwa da rigimar kaya irin tamu. Kimanin awa tara muka yi a sama. Yawancin waɗanda muke tare ba ma tsibirin za su ba, tsibiran Fokland suka nufa can kusa da Ajantina, Asenshan zango ne kawai da jirgin yake tsayawa ya sha mai.

Da gari ya waye na leƙa taga, ruwa ne shuɗi iya ganin ido. Can sai ga wani abu ja da baƙi kamar an zubar da tokar murhu a tsakiyar faranti. Gabana ya faɗi. Na ce a raina, nan Yaya yake zaune wata bakwai? Babu itace, babu gona, sai tsaunuka jajaye da baƙin dutse wanda aman wuta ya bari tun zamanin da. Titin saukar jirgin yana tsakanin tsaunuka biyu, tsawonsa kusan kilomita 3. Amurkawa ne suka fasa dutse suka gina shi a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don jiragensu da suke tsallakawa zuwa Afirka su sami wurin hutawa. Sunan filin Waidawek, daga kukan wasu tsuntsayen teku da suke taruwa dubbai kusa da wurin suna ihu dare da rana. A 1982 da Ingila ta gwabza da Ajantina kan Fokland, daga nan jiragen yaƙinta suke tashi. Har yanzu sojan ƙasashen biyu, Amurka da Ingila, tare suke amfani da filin, kowa da unguwarsa: Amurkawa a Tudun Kyanwa, na Ingila a Tudun Matafiya. Haka sunayen suke idan an mai da su Hausa.

Yaya yana tsaye bayan waya ya yi baƙi ya rame. Na so na daure saboda idon mutane, amma ina! Hawaye suka ƙwace min. Ya karɓi jakata ya ce, "Sannu da zuwa ƙarshen duniya, Amarya."

To, zancen hanya. A tsibirin nan babu tasha, babu ɗan sahu, babu acaɓa, babu kwandasta mai kiran fasinja. Idan ba ka da mota sai ka yi haya, ko ka tsaya bakin titi wani ya rage maka hanya. Titin kwalta duka-duka bai fi kilomita 40 ba, a hagu kuma ake tuƙi irin na Ingila, yadda mu ma muke yi kafin 1972. Yaya ya aro wata tsohuwar mota da iskar gishiri ta cinye mata fenti. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne duk motar da muka yi kiciɓis da ita sai direban ya ɗaga hannu, Yaya ma ya ɗaga. Na ce, "Duk ka san su?" Ya ce, "Ko ban san mutum ba gobe zan san shi, ina zai je?" Da muka tsaya kanti ya bar makulli a jikin motar. Na ce ya cire mana. Ya ce, "Wanda ya sace ta, ina zai kai ta?"

Masu tare hanya a can ba 'yan sanda ba ne, jakuna ne. Jakunan da aka kawo tun da can don ɗaukar kaya suka zama na jeji, suna yawo abinsu har cikin babban garin, Jojtawun. Sai jaki ya tsaya tsakiyar titi ya zuba maka ido, kai da hon ɗinka ku ƙarata. Ga tumaki su ma ba mai su. Da dare kuma ƙaguwa ce, manya, masu ruwan ɗorawa da shunayya, waɗanda suke zaune a kan dutse amma a watannin farkon shekara suke gangarowa teku su zubar da ƙwai. Dole direba ya riƙa kauce musu. Ranar farko da na ga wata a fitilar mota ta ɗaga hannuwanta kamar za ta yi dambe, ihu na yi na ɗage ƙafafuna, alhali ina cikin mota.

Masaukinmu a ƙauyen Tu Bot yake, ma'anarsa kwale-kwale biyu. An ce a da, lokacin da sojan ruwa suke ɗauko ruwan sha daga dutse zuwa gari, an kafa tsofaffin kwale-kwale a tsaye a bakin hanya don su riƙa fakewa daga rana. A nan makarantar tsibirin take, guda ɗaya tal. Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce 'yar tsibirin Santa Helena, wanda yake kilomita 1,300 daga nan, kuma yawancin ma'aikatan Asenshan mutanen can ne. Anti nake ce mata. Ita ta koya min yin ƙosan kifi irin nasu, da wata dafa-duka mai kori da suke kira filo. Tun da nama sai an kawo shi a daskare daga waje kuma ba mu san yankansa ba, kifi muka dimanta, kifin tuna sabo wanda a Kano sai dai mu gan shi a gwangwani.

Anti ce ta fara fahimtar da ni halin wurin. Ta ce a 2017 titin jirgin ya lalace har manyan jirage suka daina sauka, ba su dawo ba sai 2023 bayan an sake shi. Shekara shida ke nan. A tsakanin nan kuma, a 2018, tsohon jirgin ruwan fasinja da yake haɗa su da Santa Helena da Afirka ta Kudu ya daina aiki. Sai ya zama yawancin farar hula jirgin sama guda suke jira, mai zuwa daga Santa Helena sau ɗaya a wata. Ta ce, "'Yata, a lokacin nan aka yi min rasuwa a gida, sai da aka yi sati uku da binnewa na isa." Ta kuma faɗa min cewa mace mai ciki yawanci tun kafin watanta ya tsaya ake tura ta waje ta haihu, yaro kuma idan ya kai shekara 18 bai sami aiki ba dole ya bar tsibirin, ko da a nan ya yi rarrafe. Na yi shiru ina juya maganar, domin a lokacin ina ta matsa wa Yaya ya nemi a canza masa kwangila zuwa mai iyali in dawo gaba ɗaya.

Ranar Asabar ya ce za mu hau Koren Dutse, wanda tsayinsa mita 859 ne. Hanyar kamar maciji ya naɗe, kwana a kan kwana, wata kwanar ma sai mota ta ja da baya kafin ta iya shanye ta, gefe guda kuma rami ne da ba na son tunawa. Addu'ar da ban yi a jirgi ba a nan na yi ta. Amma ikon Allah, muna hawa ƙasa tana canza kama. Daga toka sai ciyawa, sai gwaiba, sai ayaba, sai ga mu cikin hazo da sanyi, a ƙoli kuma dajin gora da wani ɗan tafki. Wai duk dasawa aka yi. Wani masanin tsirrai Bature, Josef Huka, da ya zo a 1843, shi ya ba da shawarar a riƙa kawo itatuwa daga ƙasashe daban-daban a dasa a kan dutsen don su kama hazo su jawo danshi, aka kuwa yi ta kawowa a jiragen ruwa shekara da shekaru. Ni dai na tsinki gwaiba na ci, na tuna ta gidan kakata.

Saura jirgin ruwa, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Asenshan ba ta da tashar da babban jirgi zai matso ya jingina. Jirgin kaya idan ya zo, sai an yi makonni kafin a ga wani, can nesa yake tsayawa, a riƙa sauke kayan a kan wasu faffaɗan kwale-kwale ana kawowa bakin gaɓa, injin ɗaga kaya ya ɗauke. Idan teku ta yi fushi sai a dakata, ko da kanti ya ƙare da albasa. Shi ya sa ranar da kayan gwari suka iso za ka ga mata sun yi layi, ana ba juna labari kamar ranar salla.

Wani abokin aikin Yaya mai kwale-kwalen kamun kifi ya ce zai zagaya da mu. Muka je bakin gaɓar Jojtawun, na ga matakala ta dutse ta gangara cikin ruwa, a samanta an rataye igiyoyi masu ƙulli. Na ce na mene ne? Aka ce da su ake shiga jirgi. Ruwan yana ɗaga kwale-kwalen sama ya sauke shi ƙasa fiye da tsayin mutum, sai ka riƙe igiya ka jira ya taso daidai ƙafarka, mai jirgin ya ce "yanzu", ka taka. Idan ka yi jinkiri ka taka iska. Ni da zani da hijabi! Na koma mota na sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, na ɗaure hijabin a ƙugu, aka sa min rigar hana nitsewa. Sau uku ana cewa "yanzu" ina ƙanƙame da igiya. A na huɗu Yaya ya ce, "Amarya, kalle ni, kar ki kalli ruwan." Na yi bisimilla na saki. Sai ji na na yi a hannunsa, mutanen kan gaɓa suna tafi. Kunya kamar na nutse, ga shi kuwa wurin nutsewar a kusa.

Muka bi gefen tsibirin. Ya nuna mana wani ɗan lungu mai farin yashi inda a ƙarni na 19 ake killace ma'aikatan jiragen da zazzaɓin shawara ya kama. Jiragen sojan ruwan Ingila ne masu sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma don tare masu fataucin bayi. A ajiye musu abinci a nesa, wanda ya mutu 'yan uwansa su binne shi a cikin duwatsu, kaburburan suna nan har yau. Jikina ya yi sanyi. Daga nan muka wuce har wani ƙaton dutse fari fat da kashin tsuntsaye, dubban tsuntsaye suna shawagi a kansa. Nan amai ya ce salamu alaikum, sauran labarin sai dai ku tambayi Yaya.

Da dare kuma muka je dogon yashin da ke gefen gari kallon kififiya. Tun daga Burazil suke iyo, sama da kilomita 2,000, su zo su haƙa rami su zuba ƙwai fiye da 100 su rufe su koma. Wata ta fi buhun shinkafa uku nauyi. Ba a haska su da farar fitila sai ja, kuma ba a matsawa sai ta fara zuba ƙwan. Ina tsugune ina jin nishinta kamar na mace mai naƙuda, har na ji tausayinta.

Sai a sati na uku na cika alƙawarin Baba. Muka bi titin arewa ta cikin baƙin dutse zuwa Ingilish Be, sai ga su: dogayen ƙarafuna jere, an shimfiɗa wayoyi a tsakaninsu kamar ragar kamun kifi, suna fuskantar teku. Tun 1966 tashar take aiki. Na tsaya a bakin waya na ɗauki hoto, na juya na kalli inda suke kallo, na ce wato Kano tana can. Na yi niyyar idan mun koma gida in kira shi.

Kafin na kira, kiran ƙanina ya shigo. Baba ya faɗi a masallaci bayan sallar la'asar, an kai shi asibiti, ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi.

'Yan uwa, a daren nan na san inda nake. Na ce da Yaya ya kai ni filin jirgi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Babu jirgi yau, babu gobe." Jirgin sojan sau biyu yake bi a mako, kuma sai ya je Fokland ya juyo sannan ya ɗauki masu komawa Ingila. Wanda muke sa rai kuma iska ta hana shi tasowa daga can, aka ɗaga da kwana guda. Daga inda nake tsaye zuwa Legas kimanin kilomita 2,500 ne, amma babu hanyar da ta nufi can, ko ta sama ko ta ruwa. Dole in yi arewa kusan kilomita 6,700 zuwa Ingila, in wuce ƙasarmu ta gefe cikin dare, sannan in sake juyowa kudu. Ga mota a ƙofar gida da mai a cikinta, amma duk inda na tuƙa ta minti ashirin zan tarar da teku. Na zauna a kan sallaya ina kuka ina cewa Allah ka sa in tarar da shi. Anti ta shigo ba ta ce komai ba, ta zauna kusa da ni har asuba ta kusa. Washegari ita da Yaya suka yi ta zirga-zirga a ofis har aka mai da sunana jirgin farko.

A hanyarmu ta zuwa filin jirgi muka wuce wani dutse a bakin titi da aka yi wa ado da fenti kala-kala, suna kiransa ƙadangare. Al'adarsu ce wai wanda zai tafi ba ya son ya sake dawowa sai ya zuba masa fenti. Yaya ya rage gudu ya dube ni, yana so ya ba ni dariya, ya ce, "Akwai ragowar fenti a but." Na ce, "Wannan camfi ne, Yaya, mu je kar mu makara." Muka yi shiru. Can na ce, "Maganar canza kwangilar nan, a bar ta tukuna. Ka ƙarasa wata goma sha shidan ka dawo gida." Ya ce, "Na ji, Amarya."

Kwana biyar cif daga kiran ƙanina na shiga ɗakin da aka kwantar da Baba. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, Umma tana gefe tana masa fifita, 'yar rediyonsa tana kan durowa kusa da filas ɗin kunu. Na durƙusa na kama hannun da yake motsi. Ya daɗe yana kallona, sannan da ƙyar, maganar tana sarƙewa, ya ce, "Uwata, kin ga ƙarafunan?"

Na ciro waya na buɗe hoton na kai masa kusa da ido. Ya ce a miƙo masa tabaransa.